Wasiƙar Hukuma a Zauren Gida

Jawabin da aka gabatar gaban ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa a garin Matamaye, cikin jihar Damagaram.

 

Batun da ke gaban wannan taro, in aka dube shi sama-sama, bai taka kara ya karya ba. Ma'aikaci ne ya tashi daga ofis, ya koma gida, ya ci tuwo, ya yi sallar lisha, sa'an nan ya jawo kwamfutarsa ko talhonsa ya buɗe akwatin wasiƙun aiki, domin ya ga ko an aiko da wani abu daga Damagaram ko daga Yamai. Wani yana hutun shekara a ƙauyensu, wani yana rangadi, wani yana jinyar mahaifiya, amma duk inda yake wasiƙun ofis na biye da shi. Jama'a sun ɗauki wannan a kan alamar himma, sau da yawa kuwa himmar ce. Sai dai akwai abin da ake mantawa. Wasiƙar hukuma dukiyar jama'a ce, a ofis aka buɗe ta ko a zaure. Ranar da ta fita daga hannun hukuma ta tare cikin na'urar mutum ɗaya, talakan da aka rubuta ta dominsa ya yi hasara, ko da bai sani ba.

Yadda takarda ke tafiya a da

Dattawan da suka yi aiki a barikin Matamaye zamanin da sufurefe ke riƙe da wannan yanki za su tuna da al'adar takarda. Kowace wasiƙa ta iso, sai sakatare ya shigar da ita cikin babban littafin shiga, ya ba ta lamba, ya rubuta ranar zuwanta da wanda ya aiko ta. Wadda za ta fita ma tana da littafinta daban: a sa hannu, a buga hatimi, a ajiye kwafi cikin ma'ajiya. Abin da ke na gaggawa sai a aika shi ta rediyon hukuma da ake kira RAC, shi ma a rubuta shi a takarda a adana. Wannan al'ada ta girmi Nasara, domin kuwa sarakunan Damagaram da na Kano da na Sakkwato sun daɗe suna aika wasiƙu da hatiminsu, ta hannun manzon da aka san fuskarsa.

Tsarin yana da nawa, babu mai musun haka. Daga Yamai zuwa Matamaye ya fi kilomita 800, takarda kuwa sai ta bi ta Damagaram kafin ta gangaro nan. Umurnin da aka sa wa hannu ranar Litinin yakan iso bayan bukatarsa ta wuce. Amma duk da nawarsa, tsarin yana barin sawu. In sufurefe ya tashi, littattafan suna nan suna jiran magajinsa. In an rufe ofis da maraice, wasiƙa ta kwana a ofis, mai ita ya kwana a gida.

Sauyin ya zo ne sannu a hankali. A 1971 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @ da ke tsakiyar kowane adireshin imel. A 1996 aka buɗe Hotmail, a 1997 Yahoo ta buɗe nata, Gmail kuma ya biyo baya a 2004. Su ne suka saba wa duniya da buɗe wasiƙa daga kowace kwamfuta, a kowane gari, kyauta. Intanet ta shigo Nijar tsakanin 1996 da 1997, kamfanin SONITEL ya riƙa bayar da adireshi masu ƙarewa da intnet.ne, amma a wancan lokaci abin bai wuce manyan ofisoshin Yamai da ƙungiyoyin ƙasashen waje ba. Talhon hannu ne ya fasa ƙwai. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, daga baya ya zama Zamani. SONITEL da SahelCom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. A hankali akwatin wasiƙa ya sauka daga kan teburin sakatare ya shiga aljihun riga.

Ya kamata a fahimci yadda abin ke aiki, domin a nan ne hatsarin yake. Wasiƙar imel ba cikin kwamfutar ofis take zaune ba. Tana cikin wata babbar na'ura ce mai kama da rumbu, wadda ta yiwu tana Yamai, ta yiwu tana Turai ko Amurka. Kalmar sirri ita ce mabuɗin rumbun. Duk mai riƙe da mabuɗin zai buɗe, ko shi ne mai shi ko ɓarawo, rumbu bai san fuska ba. Sa'an nan duk takardar da aka sauko da ita domin karantawa tana barin kwafinta cikin na'urar da aka buɗe ta, ko da mai karatun ya rufe ya tashi.

Amfanin da ba a ƙaryatawa

Adalci ne a fara da alherin abin. Garin da ke bakin iyaka kamar Matamaye, wanda Kano ta fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba, ya fi kowa sanin tsadar jira. Motar kaya da ta tsaya a Ɗan Barto tana jiran takarda ɗaya, kowane wuni da ta ƙara hasara ce ga mai kaya da direba da ɗan dako. In ma'aikacin da ke da alhakin amsa wata tambaya yana Takeita ko Magarya a bakin wani aiki, ya iya amsawa daga can, to ya rage wa bayin Allah wahala. Shugaban lakwal da ke jiran jerin sunayen masu jarrabawa, da malamin asibitin da ke jiran labarin zuwan allurar rigakafi, duk sun ga amfanin saƙon da ba ya jiran mota. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta ɓulla a Nijar aka taƙaita zirga-zirga da tarurruka, da wannan hanya aka tallafi ayyuka masu yawa.

Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a koma zamanin manzo da doki. Abin tambaya shi ne, da wane sharaɗi wasiƙar hukuma za ta shiga gida?

Sirrin ofis a hannun yara

Kwamfutar gida ta kowa ce. Da rana ƴaƴa na kallon fim a kanta, ƙane na sauko da waƙoƙi, maƙwabci na aron ta ya cika takardar neman aiki. Cikin wannan na'ura ce maigida ke buɗe jerin albashin ma'aikata, ko sunayen marasa lafiya, ko farashin da ƴan kwangila suka bayar kafin ranar buɗe ambulan. Sau da yawa ma ya sa na'urar ta haddace kalmar sirrin, don kada ya wahala da rubutawa kullum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada wani ya ce wannan sakacin ƙananan ma'aikata ne. John Deutch ya shugabanci hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, daga 1995 zuwa 1996. Da ya sauka, aka tarar da bayanan sirri masu nauyi cikin kwamfutocin da ke gidansa, waɗanda ake shiga intanet da su, iyalinsa ma suna taɓawa. A 1999 aka janye masa izinin ganin sirrin ƙasa, kuma sai da shugaba Bill Clinton ya yi masa afuwa a watan Janairun 2001, ranar da zai bar mulki. In shugaban masu tsaron sirri ya faɗa wannan rami, to wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nasa ruwa.

Ɓarayin wannan zamani kuwa ba su fasa ƙofa. Wasiƙa suke aikowa mai kama da ta kamfanin imel, ko ta banki, ko ta wani minista, su ce akwatinka zai rufe in ba ka sake shigar da kalmar sirri a wuri kaza ba. Mutumin da ya gaji, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yara na kuka, babu abokin aiki kusa da zai nuna wa, shi ne ya fi saurin miƙa mabuɗi da hannunsa.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar ma'aikatan gwamnati ta ɗora wa kowane ma'aikaci riƙe sirrin aiki, ba ta kuma ce sirrin ya ƙare a ƙofar ofis ba. A watan Mayun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a Disamban 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin kula da ita. A watan Yulin 2019 aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet. Wanda sunan mara lafiya ko sirrin kwangila ya fita ta na'urarsa, cewa yaro ne ya taɓa ba za ta wanke shi ba.

Ma'ajiyar ƙasa cikin aljihun mutum

Hatsari na biyu ya fi na farko girma, ko da yake ba ya ƙara. Duk wanda ya saba da takardun hukuma ya sha ganin takarda mai tambarin Jamhuriya a sama, a ƙasa kuwa adireshin Yahoo ko na Gmail. Sau da yawa adireshin na shugaban ofishin ne shi kansa, shi ya buɗe shi, shi kaɗai ya san mabuɗinsa. Wasu ma sun bar imel ɗin, umurni da rahoto duk ta WhatsApp suke bi. A ɗauka an yi wa wannan shugaba canjin wurin aiki daga Matamaye zuwa Tanut, ko ya yi ritaya, ko Allah ya yi masa rasuwa. Wasiƙun shekara biyar sun tafi da shi. Magajinsa zai tarar da tebur da kujera da hatimi, amma ba zai san alkawarin da aka yi wa ɗan kwangila ba, ba zai san amsar da aka bai wa mai ƙarar gona ba. Talakan da ya kawo kukansa bara sai ya sake shi daga farko.

A nan ne batun ya zama na siyasa. Lokacin taron ƙasa na 1991, wanda ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, an kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin amanar da aka yi a mulkokin baya. Abin da ya ba wannan kwamiti abin kamawa shi ne takardu da shaidu: wa ya sa hannu, yaushe, da umurnin wa. Haka hukumar HALCIA da aka kafa a 2011, haka COLDEFF da aka kafa a 2023, babu mai binciken da zai kama ɓarawon dukiyar ƙasa sai da sawun takarda. Umurnin da ya bi ta akwatin mutum na kansa, mai shi na iya shafe shi cikin ƙiftawar ido. Na ƙasa da ya aiwatar da shi sai a bar shi riƙe da igiya, saniya ta tsere. Daɗin daɗawa, a watan Fabrairun 2011 an kafa dokar da ta bai wa ɗan ƙasa damar neman ganin takardun hukuma. Ta yaya zai nemi takardar da hukumar kanta ba ta riƙe da ita?

Wannan tambaya ta girgiza ƙasar da ta fi kowace na'urori. Hillary Clinton ta riƙe ma'aikatar harkokin wajen Amurka daga 2009 zuwa 2013, ta kuma yi wasiƙun aikinta ta wata na'ura da aka girka a gidanta. Asirin ya tonu a watan Maris na 2015. Ta miƙa wa hukuma wasiƙu wajen 30,000, aka shafe kusan wasu kamarsu da aka ce na harkokinta ne na kanta. A watan Yulin 2016 hukumar FBI ta ce wasiƙu 110 na ɗauke da bayanan sirri tun lokacin da aka aika su, amma ba ta ga dalilin gurfanar da ita ba. Duk da haka maganar ta bi ta har zaɓen Nuwamban 2016, wanda ta faɗi. Abin da ya tsaya wa jama'a a rai shi ne, ita da lauyoyinta suka zaɓi abin da ƙasa za ta gani cikin takardun da na ƙasa ne.

Daren ma'aikaci na wane ne?

Akwai kuma haƙƙin ma'aikacin shi kansa. Kwamfutar tasa ce, da albashinsa ya saye ta. Kuɗin mega daga aljihunsa suke fita, haka kuɗin wuta. Shugaba ya aiko saƙo ƙarfe goma na dare yana son rahoto kafin safiya, wanda bai amsa ba a ce ba shi da kishin aiki. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai zo ba, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sun san ma'anar yi wa gwamnati aiki da bashi. Wannan ma wani bashi ne, sai dai ba a rubuta shi a ko'ina. Mace ma'aikaciya ta fi jin jiki, domin ta baro aikin ofis ta tarar da na gida, sa'an nan na ofis ya sake biyo ta har bakin murhu.

Wasu ƙasashe sun sa wa abin linzami. A Faransa, daga 1 ga Janairun 2017, doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su zauna da wakilan ma'aikata su tsara lokutan da ma'aikaci ke da damar rufe na'urarsa. A Beljiyam, daga Fabrairun 2022, ma'aikatan gwamnatin tarayya sun sami damar ƙin amsa kiran shugaba bayan tashi, sai in wani abin gaggawa ne da ba ya jira. Babu wanda ya ce likita ko jandarma ya kashe talho lokacin annoba ko tashin hankali. Amma in kowane saƙo ya zama na gaggawa, ranar da na gaggawar gaske ya zo zai tarar da mutane sun gaji. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, bai kamata su raina wannan magana ba.

Ranar da layi ya yanke

Wanda ya jingina aikinsa duka a kan na'ura ya tuna da abubuwa biyu da kowa a nan ya gani. Daga 24 ga Fabrairun 2021, bayan bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ta talhon hannu har kwana goma. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar, jihohin Damagaram da Maraɗi kuwa layin da ke fitowa daga Katsina suke sha. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. A irin waɗannan ranaku ofishin da ya riƙe littafin shiga da na fita ya ci gaba da aiki, wanda ya watsar da su ya zauna yana kallon na'ura.

Rabon ƴan kasuwa

Alhazai kada su ɗauka maganar ta ma'aikata ce kaɗai. Takardun duwan a na'ura ake cika su ta tsarin SYDONIA, odar kaya daga Kano ko Kwatano ko Dubai ta imel da WhatsApp take bi. Attajirai da yawa yaro ne ya buɗe musu akwatin, a shagon intanet ko a talhonsa, shi ke karantawa, shi ke amsawa, shi ke riƙe da mabuɗi. Ranar da aka saɓa ya tafi, ya tafi da sunayen abokan ciniki da farashi da rasit na shekaru. Akwai kuma damfarar da ta zama ruwan dare a duniya: ɓarawo ya shiga akwatin mai sayarwa, ya yi shiru yana karanta ciniki har ya nuna, sa'an nan ya aiko da wasiƙa da sunan mai kaya cewa an sauya lambar asusun banki. Kuɗi su tafi, kaya ba su zo ba, amanar shekara ashirin ta rushe tsakanin mutane biyu da babu mai laifi a cikinsu. Maganin ba ya cin ko dala: duk saƙon da ya sauya lambar asusu, a kira mai shi ta lambar da aka sani tun da, a ji muryarsa, kafin a fitar da kuɗi.

Abin da ya kamata

Nauyin farko na hukuma ne. Nijar tana da nata suna a intanet, wanda ke ƙarewa da .ne, an kuma kafa hukumar ANSI a 2017 domin wannan fanni. Kowane ofishi, har na gundumar Kance da ƙananan hukumominta, ya cancanci adireshi da sunan muƙami, wanda zai zauna in mai muƙamin ya tashi. Ranar miƙa aiki a miƙa mabuɗinsa tare da hatimi, sabon shugaba ya sauya kalmar sirri nan take. Wanda aikinsa ke bukatar ya duba wasiƙa daga nesa, a ba shi na'urar aiki da kuɗin mega, a rubuta masa abin da ya halatta ya buɗe a waje da abin da sai a ofis.

Nauyi na biyu na shugabanni ne. Umurnin da ya shafi kuɗi ko haƙƙin wani, ko ta ina ya fara bi, ya ƙare a takarda mai lamba da sa hannu. Saƙon da zai iya kwana kuma a bar shi ya kwana.

Na uku na ma'aikaci ne. Ya raba akwatin aiki da na gida. Kada ya bar na'urar da yara ke taɓawa ta haddace kalmar sirrinsa. Ya kunna tsarin nan da ke aiko da lamba ta talho kafin akwati ya buɗe. In ya gama ya fita ya rufe, ya shafe abin da ya sauko da shi. Washegari ya kai wa sakatare duk wasiƙar da ya amsa daga gida, a shigar da ita littafi kamar sauran. In shugaba ya ba shi umurni mai nauyi ta talho, ya nemi a rubuce cikin ladabi, domin takardar ce za ta tsaya masa ranar bincike.

Ma'aikaci baƙo ne a kan kujerarsa, yau shi ne, gobe wani. Abin da ya rubuta da sunan Jamhuriya na mai gona ne da mai shago da ɗan lakwal, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Allah ya ba magabata ikon riƙe amana, ya sa albarka a kasuwa da aiki, ya zaunar da ƙasa lafiya.